Ni kunnen hagu zan zaɓa

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa da kika tambaya cewa da za a ba mace kuɗi a ce ta je a gyara mata wuri ɗaya a jikinta, ina za ta zaɓa, tun jiya nake bin amsoshin da aka ba ki. Yawanci tumbin haihuwa ne, sai nono, sai mazaunai, 'yan kaɗan suka ce hanci, wata baiwar Allah kuma ta ce duk haramun ne, a rufe zancen. Na so in wuce, amma abin ya tsaya mini a rai, domin sau 2 aka shiga da ni ɗakin tiyata saboda irin wannan aikin, kuma akwai na uku da har yau nake roƙon Allah ya ba ni ikon yi.

Ni kunnen hagu zan zaɓa.

Ina shekara 7 na ƙone. Hunturu ne, da asuba, mun kewaye kaskon gawayi kafin mu tafi makarantar allo. Na sunkuya in tura garwashi, bakin mayafina ya kama. Yadin irin mai santsin nan ne da idan ya ci wuta narkewa yake yi ya manne a fata. Sai na ruga da gudu, gudun kuwa iza wutar ya yi. Kafin yayata ta cim mini ta danne ni da bargo, wutar ta ci ɓarin wuyana na hagu, da kafaɗa, da hammata, da rabin ganyen kunne na ƙasa. A gida aka fasa ɗanyen ƙwai aka shafa, maƙwabciya ta kawo manja. Sai da ciwon ya fara wari a kwana na 4 aka kai ni asibiti. Ban taɓa zargin iyayena ba, abin da suka sani ke nan, kuma mahaifiyata ta yi kukan wannan safiyar har ta koma ga Allah. Amma ku riƙe wannan don Allah, musamman lokacin sanyi: idan yaro ya ƙone, a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi har minti 20, ban da ƙanƙara, ban da ƙwai ko mai ko man goge baki. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, kada a ɓanɓare tufar da ta manne, a lulluɓe da ƙyalle mai tsabta a nufi asibiti.

Ciwon ya ɗauki watanni kafin ya rufe. Duk tsawon lokacin a ƙudundune nake kwana, haɓa a ƙirji, hannu a manne da haƙarƙari, don a haka zafin ya fi sauƙi. A haka kuma fatar ta warke. Tabon ƙuna mai zurfi tsukewa yake yi yana warkewa, kuma ba ya girma tare da yaro. Jikina na tsawo, shi yana nan inda yake kamar igiya. Ina shekara 12 ba na iya ɗaga kai in kalli rufin ɗaki, ba na iya miƙa hannu igiyar shanya, leɓena na ƙasa yana ɗan janyuwa gefe. Idan na zo sallame salla, da kafaɗa gaba ɗaya nake juyawa. Abin da yara ke kirana da shi a makaranta ba zan rubuta ba.

Ina shekara 19 kawuna ya sayar da sa ya kai ni wurin likitan gyaran fata a wani babban asibiti, Allah ya jiƙansa da rahama. A nan nake so masu burin tiyata su tsaya su ji, domin hotunan "kafin" da "bayan" da ake yaɗawa a Instagram ba sa nuna abin da ke tsakani.

An sa ni barci, aka tsaga tabon wuyan, aka miƙar da kaina. Da tabon ya buɗe sai ya bar fili babba da babu fatar rufe shi, don haka aka yanko siririyar fata daga cinyata aka dasa a wurin. Da na farka, wuyan bai dame ni kamar cinyar ba. Kamar an goge ta a kan kwalta, ga raɗaɗi, ga ruwa yana tsattsafowa, sai da ta yi wajen mako 2 kafin ta bushe. Wuyan kuma kwana 5 aka hana ni motsa shi ko kaɗan, saboda fatar da aka dasa ba ta da jini nata, sai ta lafe a wurin ƙananan jijiyoyi sun shige ta, in ta goce ta mutu. A rigingine, babu matashi, ana ba ni kunu da cokali. Ranar da aka buɗe aka ce ta kama, innata sujada ta yi a ƙasan ɗakin.

Na ɗauka an gama. Ashe rabin aikin ke nan. Aka ba ni abin tokare wuya, da wata riga mai matse jiki da ake so a zauna da ita dare da rana sai lokacin wanka, na watanni da yawa, ga zuwa sashen gashi ana miƙar da wuya da hannu. Tabo yana kai shekara 1 zuwa 1 da rabi kafin ya gama zama, kuma duk wannan lokacin fatar dashe tana neman komawa ta tsuke. Ku tuna zafin watan Afrilu a garuruwanmu, ga ƙaiƙayi kamar ana yawo da tururuwa a ƙarƙashin fata. Na jure wata 4, na fara cirewa da rana, daga nan na daina sawa da dare. Wani zare na tabon ya dawo daga bayan kunne zuwa kafaɗa. Shi ya mayar da ni asibiti ina shekara 26, bayan aurena. Wannan karon ba a taɓa cinya ba, yanka aka yi mai siffar harafin Z a wuya da hammata, aka sauya wa leɓatun fatar wuri don zaren ya yi tsawo. Na biyun na bi doka sau da ƙafa, kuma alhamdu lillahi yau ina ɗaga hannu in sauko da tukunya daga kan kanta, ina juya kai in ga mai sallama.

Amma tabon yana nan. Fatar da aka dasa ta fi sauran jikina duhu, tana sheƙi, ga kuma wani tabo mai faɗin tafin hannu a cinya da ban zo da shi ba. Tun ranar farko likitan bai ɓoye mini ba, ya ce shi motsi zai dawo mini da shi, fatar da Allah ya yi kuwa babu mai mayar da ita. Duk likitan da ya ce miki zai yanka ki babu tabo, tashi ki ɗauki jakarki.

Ke kuma 'yar'uwa da kika ce duk haramun ne, na san kishin addini ne ya sa ki, Allah ya saka. Ni ma an faɗa mini haka, har wata dattijuwa a danginmu ta ce kawuna yana jayayya da ƙaddara. Shekaru na yi da wannan nauyin kafin in ji hadisin Arfajata ɗan As'ad a wurin karatu. An sare masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa, ya yi masa wari, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinare. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i duk sun ruwaito shi. Zinaren da aka hana maza, aka halatta masa don ya rufe aibin fuskarsa. Ranar na yi kuka a gaban mutane. Gaskiya ne akwai aya ta 119 a Suratun Nisa'i kan canza halittar Allah, akwai kuma hadisin Ibn Mas'ud da ya la'anci masu goge haƙora su yi wushirya don neman kyau. Malamai sun haɗa su ne suka raba tsakanin mayar da abin da ya lalace da sauya abin da yake lafiya lau. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Putrajaya a Malesiya a watan Yulin 2007, ta halatta gyaran tsagaggen leɓe, da tabon ƙuna da na haɗari, da sake gina nonon da aka cire saboda cuta, ta hana sauya halitta lafiyayya don son rai ko kwaikwayon wasu. Idan muka yi wa duka kuɗin goro, yaron da yatsunsa suka manne ne zai zauna a haka saboda maganarmu.

Masu tumbin haihuwa, ba na cikin masu yi muku dariya. Ina da 'ya'ya 4, na san yadda mace ke kauce wa madubi. Wasu ma ba kitse ba ne, naman cikin ne ya rabe gida biyu lokacin goyon ciki, ko cibiya ta fito, har da ciwon baya, wannan kuwa lalura ce da ya kamata likita ya duba. Sai dai aikin babba ne, yankan daga wannan ƙugu zuwa wancan yake, ana fitowa da robar tsiyayar da ruwa a jiki, kuma likitoci sun fi so mace ta gama haihuwa tukuna, don wani cikin zai iya warware ɗinkin. Ki ji bayanin likita, ki kai wa malamin da kika yarda da iliminsa.

Na mazaunai ne nake roƙonku da girman Allah ku bari. Kitse ake zuƙowa daga ciki a ɗura a baya, kuma akwai manyan jijiyoyin jini a cikin naman wurin. In kitsen ya shiga ɗaya, zuciya da huhu yake wucewa, mace ta mutu a kan gadon aikin. A 2017 likitocin wannan fanni da kansu suka ƙiyasta cewa wajen mace 1 cikin 3,000 ke rasa ranta, abin da ya sa suka ce kada a ƙara kai kitsen cikin nama. Wannan a hannun ƙwararru ke nan, ina ga wadda ake yi wa allura a ɗakin otal ko bayan shagon kwalliya? Kowane irin aiki ne, ki tabbatar likitan yana da rajista da hukumar likitoci ta MDCN, ki tambayi wa zai sa ki barci, ki tambayi wa zai duba ki idan ciwon ya ruɓe bayan mako 2. Masu tafiya Turkiyya ko Masar su yi wannan tambayar ta ƙarshe sau biyu.

Mu baƙar fata kuma jikinmu ya fi saurin yin tabo mai tsiro, irin wanda ke fitowa kamar ƙwallo bayan hujin kunne ko a ƙirji. Yanke shi kawai ba ya raba mutum da shi, yawanci dawowa yake yi, wani lokacin ya fi da, sai an haɗa da allurar da ake yi a cikin tabon duk bayan 'yan makonni. Wadda ta san jikinta ko danginta na yin haka ta faɗa wa likita kafin ya ɗauki wuƙa.

Iyayen yara su ne suka fi tsaya mini a rai. Mu manya buri muke yi, yaro kuwa lokaci ne ke wuce shi. Jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe tun yana wata 3 zuwa 6 ake ɗinke masa, na ganɗa kuma kafin ya kai shekara 1 da rabi, don maganarsa ta fita daidai. Ba husufin wata ba ne, ba aljanu ba ne, tun makonnin farko na ciki leɓen bai gama haɗuwa ba, kuma ƙungiyar Smile Train tana biyan kuɗin aikin a asibitoci da dama a Najeriya. Cutar noma da ke farawa daga dasashi ta cinye kumatun ƙananan yara, akwai asibitinta a Sakkwato tun 1999, kyauta ake gyara fuska a can. Na ƙuna, asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da asibitin ƙashi na Dala, duk akwai likitocin fannin. Da an tokare mini wuya tun ciwon yana ɗanye, da an yi mini dashen fata ina shekara 7, da shekara 12 ɗin nan na juya kafaɗa ba su same ni ba.

Kunnen shi ne ya rage. Hijabi yana rufe shi, mijina bai taɓa nuna mini komai ba, ji ma ina ji lafiya. Amma a gidan biki, cikin mata, ni kaɗai ce ke jan ɗankwali ƙasa ta gefe ɗaya, kuma ko wurin kitso sai na zaɓi lokacin da babu mutane. Na je na ji yadda ake yi. Guringuntsi ake cirowa daga haƙarƙari, a sassaƙa shi siffar ɓangaren da ya ɓace, a dasa. Da yake fatar gefen kunnena ta ƙone, sai an juyo da wani siririn nama daga ƙarƙashin fatar kai an lulluɓe shi, sannan a koma karo na biyu bayan watanni a ɗago kunnen daga jikin kai. An kuma gaya mini wataƙila ba za a yarda a huda shi ba saboda yanayin tabona, sai dai in sa na maƙalawa. Na ce na yarda. Na san zafin, na san sabon tabon da zai zauna mini a ƙirji, kuma duk da haka ina so. Adashi 2 nake zubi saboda shi.

Akwai 'yan kunnen zinare da aka sako mini a lefe. Na daman na sa shi har ya dushe. Na hagun yana cikin audugarsa a ƙasan akwati, shekara 13 ke nan. Idan na kwashi adashina bayan babbar salla, in sha Allahu zan koma a ba ni rana. Ku sa ni a addu'a.