Tayar Laka a Kan Kwalta: Amsoshin Wasiƙunku

Tun da damina ta kankama, wasiƙun taya suka fi na komai yawa. Ga waɗanda na tsamo wannan makon.

Wani ma'aikaci daga Bukuru ya rubuto: "Ina da Hilux, da ita nake zuwa aiki cikin Jos kullum, ranar Asabar kuma in leƙa gonar dankalina ta wajen Mangu. Bara sau biyu na kafe. An ce in sa tayar laka, mai manyan haƙoran nan. Me ka gani?"

Malam, kafin ka taɓa aljihu ɗauki biro ka yi lissafi. A cikin tafiyar da kake yi a mako, kilomita nawa ce kwalta, nawa ce taɓo? Daga Bukuru zuwa Jos kwalta ce, zuwa Mangu ma haka, sai ɗan guntun da ka sauka titi ka nufi gona. Saboda wannan guntun kake son canza wa motar hali na kwana bakwai.

Duba gefen taya za ka ga haruffa. H/T ta kwalta ce zalla. A/T ruwa biyu ce, tana kwalta tana burji. M/T ita ce ta laka: haƙoranta manya, tsakaninsu wawakeke, don ta cizi ƙasa ta kuma watsar da taɓon da ya cika ta yayin da take juyawa. A cikin caɓi ba ta da na biyu, wannan ban musa ba. Amma wannan ratar da ke taimakonta a laka ita ke rage robar da ke taɓa kwalta. In ruwa ya sauka, birki yakan ƙara tsawo, ga bayan Hilux ba nauyi in ba kaya, ga shi tayoyin baya ne ke tura ta a kan titi. Wanda ya taɓa gangara Hawan Kibo cikin ruwan Agusta, tirela a gabansa, ya san ba wurin gwajin taya ba ne. Sannan ga kuka. Daga gudu ya kai kilomita 70 ko 80 za ka ji "wuuu" kamar jirgi na shirin tashi, kuma tana tsufa kukan na ƙaruwa. Ta fi nauyi, ta fi shan mai, kai kuwa ka san yadda gidan mai ya koma tun da aka cire tallafi a 2023. Kwalta kuma tana cinye ta da wuri.

Shawarata A/T mai ɗan ƙarfin haƙori, irin su KO2 ta BFGoodrich ko Geolandar A/T ta Yokohama in aljihu ya kai, ko Maxxis in bai kai can ba. Ka ajiye shebur da igiyar ja a baya. Ka kuma koyi sa giyar ƙafa huɗu tun kafin ka faɗa cikin taɓon, ba sai mota ta nutse har ciki ba, da ka hau busasshiyar kwalta kuma ka cire ta. Wanda M/T ta dace da shi shi ne mai kwaso dankali daga ƙauyukan Bokkos daga Yuni zuwa Satumba, wanda rabin yininsa a laka yake. Kai ba shi ba ne.

Wani matashi daga Gwarinpa: "Prado ta fi kyau da manyan tayoyin nan. Wane girma ne zai fi ɗaukar ido?"

Ƙanena, daga Gwarinpa zuwa Wuse wace laka ce ta tare ka? Ka sa girman da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba, a yawancin irin motarka 265/65R17 ne. In ka ƙara tsayi, taya za ta riƙa gugar jikin mota in ka karya sitiyari, agogon gudu ya riƙa nuna maka ƙasa da gudun da kake yi. In ka nace, kuɗinka ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kada ka dawo mini da ƙorafin kuka.

Wani Alhaji daga Kubwa: "Na samu tayoyin laka guda huɗu 'yan Beljiyam, haƙoransu tsaf, a rabin kuɗin sababbi. Mai shagon ya ce Bature ne ya ɗan taka su kaɗan. In saya?"

Alhaji, Allah ya ƙara girma, kada ka saya. Yau kuma sai ka yi haƙuri da ni don ka taɓo mini inda ke yi mini ƙaiƙayi.

Mutanenmu haƙori kawai suke dubawa. Taya kuwa roba ce da waya, roba tana tsufa ko da a ɗaki aka kulle ta ba ta taɓa ganin titi ba. Tayar laka ta fi kowace iya ɓoye shekarunta, domin haƙoranta masu zurfi ne, sai ta shekara takwas tana yi maka kallon budurwa. Ka tsuguna, ka nemi inda aka rubuta DOT a gefenta, ka bi rubutun da yatsa har ƙarshe. Akwai lambobi huɗu cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2317, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2017. Wani lokacin a gefe ɗaya kawai ake buga ta, don haka ka sa a juya maka tayar. Hukumar kiyaye haɗurra ta daɗe tana shelar cewa shekara huɗu daga wannan ranar taya ta gama aikinta. Kamfanonin da ke ƙera ta sukan ba da wa'adin da ya fi haka, amma su ba da zafin ranar Zuba da ramukan hanyar Akwanga suke lissafi ba.

Ni kaina an taɓa yi mini. Shekarun baya na sayi guda biyu a wani shago, baƙi wuluk suna sheƙi. Bayan mako biyu ruwa ya wanke man da aka shafa musu, sai ga tsaga ƙanana-ƙanana tsakanin haƙoran kamar fason diddige a hunturu. Na duba wurin lambar, an goge shi sumul da dutsen guga. Mai facin unguwarmu ya murza wurin da babban yatsa, ya dube ni ya ce, "Oga, wannan ai ta girmi motar." Ban koma shagon ba, kunya ta hana ni.

Kuma ba gugar lamba kaɗai ake yi ba. Akwai masu bin tayar da ta suɗe da wuƙa mai zafi su fito mata da sabon zane, robar da ta rage a kan wayar ba ta fi kaurin fatar ganga ba. Akwai sababbi ma da ake cusa huɗu ko biyar cikin juna a kwantena don a rage kuɗin dako, a zo nan a zaro su da ƙarfe, wayar bakinsu ta riga ta lanƙwashe. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sha kama irinsu. Tsohuwar taya tana cikin jerin kayan da Kwastam ta haramta shigo da su, amma ga su nan tsibi-tsibi a bakin titi. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a Legas a 2008, kusan duk abin da muke takawa daga waje yake zuwa, mai kyau da jabu a jirgi ɗaya. Abin da ke ba ni mamaki shi ne mutum ya sayi motar miliyoyi, ya sa mata gilashi mai duhu da labule, sannan ya zo kan abu huɗun da ke riƙe da ransa da na iyalinsa ya ce a nemo masa na gwanjo. Araha ba ta ado, Alhaji. In kuɗin huɗu bai samu ba, ka sayi sababbi na ƙaramin kamfani daga dila mai ba da rasit, ka karanta lambar da idonka kafin a ɗaura.

Wata baiwar Allah daga Rikkos: "Maigidana ya rasu ya bar mana Hilux mai tayoyin laka. Da ita ake kai yara makaranta. Kukan da take yi yana tsorata ni, direba kuma ya ce ba komai. Ban san kan mota ba."

Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, kukan halin wannan tayar ne, ba alamar za ta fashe ba. Tambayar da kika yi kuwa ta fi ta maza da yawa hankali. Gobe da safe, kafin mota ta fita, ki sa direba ya nuna miki lambobi huɗun nan a kowace taya, har da safaya. Ki shafa gefen kowace da tafin hannu. In kin ji kumburi kamar ƙwai, wannan a cire ta a ranar, ba a facinta. Iska kuma a sa daidai adadin da ke jikin takardar da aka manna a ƙofar direba, a auna tun taya tana da sanyi, don masu faci da yawa sukan ɗura har ta yi tauri kamar dutse suna ganin gwaninta ce. In sitiyari na rawa ko kukan ya koma "gur-gur-gur", a kai ta a yi mata balansin da alaimen. In ana ruwa direba ya rage gudu ya bar rata. In duk lafiyarsu lau, ki bar su su ƙare, ba sai kin ci bashi ba. Ranar canji sai ki koma A/T ko ma H/T, tunda motar ta zama ta makaranta.

Na ƙarshe, daga Apo: "In sa na laka biyu a baya, na kwalta biyu a gaba?"

Wace mota? In Prado ce ko Land Cruiser irin waɗanda ƙafafunsu huɗu ke ja kullum, a'a. Ko da lambar girmansu ɗaya, tsayinsu yakan bambanta, giyar tsakiya ce za ta sha wahalar, gyaranta kuma ya fi kuɗin tayoyin. A Hilux ma ban so, domin gaba da baya za su riƙa kama jiƙaƙƙen titi daban-daban. Huɗu iri ɗaya, ka riƙa sauya musu wuri duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000.