Hayar motar lantarki tsakanin Jidda da Makka: wa zai ɗauki nauyin batir?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam Lauya. Ina zaune a gidan haya a Jidda da iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙi, ina aiki a Makka kwana biyar a mako. An yi mini tayi biyu na motar lantarki: haya mai ƙarewa da mallaka ta shekara biyar, da kuma haya zalla ta shekara biyu wadda zan mayar da motar a ƙarshenta. Wanne ya fi mini aminci a doka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tayin nan biyu ba doka ɗaya ke tafiyar da su ba. Haya mai ƙarewa da mallaka tana ƙarƙashin dokar hayar kuɗi ta shekarar 2012, wadda Babban Bankin Saudiyya, SAMA, ke kula da ita, kuma banki ko kamfanin da ke da lasisinsa ne kaɗai ke da ikon ƙulla ta. A cikinta sunan kamfanin ne zai kasance a kan istimara, wato takardar rajistar motar, har ka gama biya, kai kuwa a rubuta ka a matsayin mai amfani da motar, don haka ko fita da ita ƙasar waje sai da izininsu. Haya zalla kuma tana hannun kamfanonin hayar motoci, waɗanda Hukumar Sufuri ke ba lasisi.

Inda nake son ka tsaya ka yi lissafi shi ne batir. Tsakanin Jidda da Makka akwai kusan kilomita 80, wato kana cin kilomita 160 a rana, wanda a shekara ya kai kusan 40,000 tun kafin a haɗa da zumunci da cefane. Garantin da yawancin masu ƙera motocin lantarki ke bayarwa a kan batir shi ne shekara takwas ko kilomita 160,000, duk wanda ya riga cika. Dillali zai ambata maka shekara takwas da babbar murya, amma da irin tafiyarka garantin zai ƙare a cikin shekara huɗu, alhali da sauran shekara guda a yarjejeniyarka, ga kuma kuɗin ƙarshe mai kauri da ake biya kafin a mayar da motar sunanka. Zafin yankin nan da yawan caji mai sauri duka suna gaggauta raunin batir, kuma yawancin garanti ba ya aiki sai ƙarfinsa ya sauka ƙasa da kashi 70 cikin ɗari.

Doka ta raba gyara gida biyu. Gyaran yau da kullum, irin su taya da birki, yana kan mai haya, gyara na asali wanda motar ba ta rayuwa sai da shi yana kan mai motar, sai dai idan an yi sharaɗin ɗora shi a kan mai haya, kuma ko an yi hakan, sharaɗin yana shafar abin da amfaninka ya jawo ne, ba aibin da motar ta zo da shi ba. A ganina batir yana cikin kashi na biyu, domin motar lantarki ba ta da wani amfani in babu shi. Sai dai kamfani zai iya cewa tafiyarka ce ta cinye shi, kuma wannan gardama ce mai tsada. Ka nemi a rubuta ɓaro-ɓaro wanda zai biya canjin batir bayan ƙarewar garanti, sannan ka tabbatar cewa mallakar ƙarshe zaɓi ce gare ka, ta yadda idan darajar motar a kasuwa ta faɗi ƙasa da kuɗin ƙarshe za ka iya mayar da ita. Kasuwar har yanzu sabuwa ce, domin a 2023 Lucid ta buɗe masana'antarta a Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah, Tesla kuma sai a 2025 ta fara sayarwa a Riyad, saboda haka farashin na hannu bai zauna ba tukuna.

Haya zalla tana sauke maka wannan nauyi gaba ɗaya, amma tarkonta shi ne iyakar kilomita, domin duk abin da ya haura ana cajinsa ɗaya bayan ɗaya. Idan iyakar ba ta kai 45,000 a shekara ba, ka nemi a ɗaga ta tun yanzu ko ka bar tayin.

Maganar caji ma ta doka ce. Ribar motar tana cikin caji a gida, inda kuɗin wuta yake halala 18 (halala 100 ne riyal ɗaya) kan kowane kilowat-awa har zuwa 6,000 a wata, sannan halala 30 a sama da haka, alhali litar fetur mai lamba 91 tana riyal 2.18. Mai haya ba shi da ikon sauya wayoyin gida ba da yardar mai gida ba, don haka ka karɓi izininsa a rubuce, ka bi ta kamfanin wutar lantarki na Saudiyya wajen kafa na'urar, kuma ku yi ittifaƙi a kan makomarta ranar da za ka tashi. Ka gama wannan kafin ka sa hannu a takardar mota.

Saura batun iƙama. Aikin baƙo yana iya yankewa, bashin kuwa ba ya yankewa tare da shi, kuma jinkirin biya yana shiga kundin SIMAH, kamfanin da ke adana tarihin bashin mutane a Saudiyya. A hayar kuɗi kana da haƙƙin biyan ragowar da wuri, kuma diyyar da kamfani zai nema ba ta wuce ribar wata uku masu zuwa ba. A haya zalla, abin da aka rubuta na tarar sokewa shi ne zai hau kanka, saboda haka ka nemi a sa sharaɗin rangwame idan aka ba ka bizar fita ta ƙarshe. Idan saɓani ya taso a hayar kuɗi, za ka fara da koke ga kamfanin, sannan SAMA, sannan kwamitin sasanta rigingimun kuɗi.

Da irin nisan da kake ci da kuma zamanka na iƙama, na fi karkata ga hayar shekara biyu, muddin an gyara iyakar kilomita kuma mai gidanka ya ba da izinin caji a rubuce.