Baƙin dutsen Biu da abin da ke ƙarƙashin teku

Ɗana, jiya ka tare ni da tambaya muna tsakiyar ɗaure fayif, ban samu sukunin amsa maka ba. Ka ce me ya sa ɓarɓashin dutsen da injin haƙar rijiya ya tofo mana a Biu baƙi ne wuluk, mai laushi, ba kamar na Zariya mai ƙyalli ba, kuma wai gaskiya ne irinsa ne shimfiɗe a ƙasan teku?

Gaskiya ne. Sunansa basalt, narkakken dutse ne da ya fito fili ya huce da sauri, ƙwayoyinsa ba su samu lokacin girma ba. Na Zariya kuwa a can cikin ƙasa ya huce a hankali, shi ya sa kake ganin ƙwayarsa da ido. In ka riƙe wannan, ka gane teku.

A tsakiyar tekun Atlantika akwai doguwar tsaga inda ƙasa ke buɗewa, santimita kaɗan a shekara, kusan yadda farcenka ke tsiro. Da za ka kafa injin a ƙasan tekun, laka za ka fara ci. Daga ita sai basalt da ya fito ya ci karo da ruwan sanyi ya dunƙule, malmala kan malmala kamar an kwashe tuwo. Ƙasa da shi dutsen a tsaye yake, falle-falle kamar allunan almajirai jingine da bango: hanyoyin da narkakken ya bi ya hau ke nan. Sai gabbro. Kayan haɗinsa ɗaya da basalt, amma da yake a lulluɓe ya huce, ƙwayarsa manya ce. Duka-duka kaurin wannan ɓawon ƙasa bai wuce kilomita 6 zuwa 7 ba, alhali ƙarƙashin ƙafarmu nan ya haura 30.

Wannan rashin kauri ne ya sa Amurkawa kwaɗayi. A 1961, kusa da tsibirin Guadalupe na Meziko, sun zura fayif cikin ruwa mai zurfin sama da mita 3,500, suka haƙa mita 183, suka ciro basalt. Burinsu su huda ɓawon gaba ɗaya, amma a 1966 aka yanke musu kuɗi. Mu da muke ƙorafi in mota ta ɗan karkace, ka yi tunanin haƙa daga kan jirgin da igiyar ruwa ke jijjigawa!

Abin da ya shafe ka dai shi ne ruwa. Jikin basalt ba ya riƙe ruwa. A tsagoginsa yake zama, da tsakanin malala ɗaya da wata, inda tsohon saman ya ruɓe kafin sabo ya rufe shi. Don haka in baƙin gari ya koma ja-ja, injin kuma ya faɗa da sauƙi, kar ka ƙara wuta. Rage gudu, ka ɗebi ɓarɓashin a tafin hannu, ka rubuta zurfin, sannan ka kira ni.