Wai taurari ma suna fitar da eksire?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah na ji wai akwai taurari masu fitar da hasken eksire irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti. Mu nan Daura da bazara tsakar gida muke kwana da yara, ba zai yi mana illa ba? Daga wata uwa a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki shimfiɗa tabarmarki hankali kwance, iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye hasken nan tun can sama, baya isowa ƙasa, shi ya sa ma sai da aka harba na'urori sararin samaniya irin su Chandra ta Amurka da XMM-Newton ta Turai a 1999 don a duba shi da kyau.

Amma maganar gaskiya ce fa. Akwai manyan taurari da suka fi rana nauyi nesa ba kusa ba, kuma sun kusa ƙarar da makamashinsu, ana ce masu Wolf-Rayet, sunan masana biyu da suka gano su a Paris a 1867. Su waɗannan iskar gas ke fita daga jikinsu da gudun kilomita 1,000 zuwa 3,000 a daƙiƙa ɗaya, ta ranarmu wajen 400 take yi, to kuma iskar ba tare take tafiya ba, wani curin ya fi wani sauri sai ya cim ma na gaba ya banke shi kamar mota mai gudu ta afka wa tirela ta baya, nan take gas ɗin ya ɗau zafi miliyoyin digiri, zafin nan shi ke haifar da eksire.

Inda abin ya fi burge ni wallahi shi ne in taurarin biyu ne suna zagaya juna, iskar wannan ta yi gaba da gaba da ta wancan. Gamma Velorum haka yake, kuma da sanyi ana ganinsa da ido daga nan Katsina, ƙasa-ƙasa ta kudu. WR 140 (wato Wolf-Rayet 140), wanda shi ma taurari biyu ne, kuwa duk kusan shekara 8 taurarinsa ke matsowa kusa da juna, eksiren ya yi ta ƙaruwa, sai kuma ya dushe na ɗan lokaci saboda iskar mai kauri ta tare shi, kuma a wannan haɗuwar ce ƙura ke samuwa, wadda na'urar hangen nesa ta James Webb da ke sararin samaniya ta ɗauko hotonta a 2022, zobe a bayan zobe har 17.