Girma ko taku: wane suna ya dace da awon ma'adana?

Tambaya: Malam, ina ƙirƙirar ɗan ƙaramin harshen rubuta manhaja. Na iso inda mai rubutu zai tambayi yawan wurin da wani nau'in bayani ke ci a ma'adanar kwamfuta. In bi sahun harshen C in kira shi sizeof, ko akwai abin da ya fi?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka sa masa suna, ka tabbata abu ɗaya kake aunawa, domin awo uku ne suka ɓuya a nan.

Ɗauki tsarin da ya ƙunshi lamba mai bayit 8 (bayit shi ne ma'aunin wuri a ma'adana), sai alamar e-ko-a'a mai bayit 1. Bayanin kansa bayit 9 ne. To amma lambar ba ta zama sai a adireshin da 8 ke rabawa, saboda haka in ka jera irinsa, na biyun sai a bayit na 16 zai fara. Bakwai ɗin da ke tsakani ciko ne kawai. Ka ga girma 9, taku 16, daidaito 8.

C na haɗa cikon a lissafi, sizeof ya ba ka 16. Harshen Rust ma haka size_of ɗinsa yake. Harshen Swift ne ya raba girma da taku, kuma a 2016, da fitowar Swift 3, ya ajiye sizeof da strideof, ya tattara su a MemoryLayout: size (girma), stride (taku), alignment (daidaito). Tattarawar ta burge ni, don mai neman ɗaya dole idonsa ya faɗa kan sauran. Sai dai an bar tarko. Duk wanda ya taso da C, hannunsa size zai nufa. Ya ninka 9 sau 100, ya ware bayit 900 wa jerin da aka saba ware wa 1,600, ya yi ta rubutu a wurin da ba nasa ba. Irin wannan ɓarna kuwa ba ta cika nuna kanta nan take ba.

Shawarata, in harshenka bai cusa wani bayani a cikon ƙarshe, bi Rust, awo ɗaya ya isa. In zai cusa, kada ka bar kalmar girma tsirara, sa mata ƙarin da zai nuna ba da ciko take ba.

Ka kuma raba tambayar nau'i da ta abu guda, kamar size_of da size_of_val na Rust. A C kalma ɗaya ke yin duka biyun: ka miƙa wa aiki (function) jeri, ka auna shi a ciki, sai ka samu 8 a kwamfuta mai bit 64, girman manuni ke nan, wato adireshin da ke nuna inda jerin yake, ba na jerin ba.