Amsoshin Tambayoyinku: Gem na Ban Tsoro a Daren Sanyi, Wanne Za a Saya?

Makon nan kusan duk tambayoyin da suka iso mini a kan gem na ban tsoro suke, kuma na san dalili. Ranar 31 ga Oktoba Turawan Amurka da Ingila kan yi bikinsu na Halloween, na shigar dodanni da tsoratarwa, masu buga gem su kwana suna bin gajerun wasannin firgita ɗaya bayan ɗaya, 'yan kasuwar gem kuma su karya farashi. Bikin ba namu ba ne, ba ruwanmu da shi. Sai dai lokacin ya faɗo daidai da namu: gero ya shiga rumbu, dawa ta sunkuyar da kai, sanyi ya fara leƙowa, hirar zaure ta dawo. Ga huɗu daga cikin tambayoyin.

Yaya, mu biyar ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Muna so mu ware dare guda mu buga gem na ban tsoro, amma waya ɗaya ce mai ɗan ƙarfi a cikinmu, Tecno, kuma sai a shagon mai caji muke samun wuta. Wanne za mu saukar?

Ƙanena, kafin ka tambayi sunan gem, tambayi batirinka. Mutum biyar a kan waya ɗaya, gem mai dogon labari zai mayar da huɗu 'yan kallo, kafin ƙarfe goma sha ɗaya mutum biyu sun yi barci a kan tabarma. Abin da kuke nema shi ne wanda ake mutuwa da wuri a miƙa wa na gaba.

Ku fara da Granny. Ya fito a 2017, kyauta ne, ba ya buƙatar intanet bayan an saukar da shi, kuma ƙananan wayoyi suna ɗaukarsa. Ka farka a ɗaki cikin gidan wata tsohuwa, an ba ka kwana biyar ka nemo makullai da guduma da sauran kayan da za ka buɗe ƙofar fita. Tsohuwar kunne ne da ita kamar zomo: kana yar da abu a ƙasa ta taho da sanda, sai ka shige ƙarƙashin gado ko cikin kabad ka yi lamo. Duk sanda ta buge ka, kwana ɗaya ya tafi. Ka ga ke nan rabo ya yi kansa, kowa kwana ɗaya. Akwai matakin gwaji da tsohuwar ba ta gida. Ku zaga gidan a nan tukuna, don kada na farko ya ɓata kwanansa yana neman matakala.

Na biyu Five Nights at Freddy's, wanda wani Ba'amurke, Scott Cawthon, ya fitar a 2014. Wannan na kuɗi ne. Kai maigadi ne a wani gidan cin abinci na yara, daga sha biyun dare zuwa shidan safe, wanda a agogonka na gaske bai kai minti 10 ba. Ba gudu, ba faɗa. Kana zaune kana duba kyamarori, manyan 'yan tsana masu inji suna matsowa, kuma duk ƙofar da ka rufe ko fitilar da ka kunna tana cin wutar da aka ba ka. Wuta ta ƙare, kai ma ka ƙare. Na sha cewa da a ƙauyukanmu aka yi gasar wannan gem da mu za mu ɗauki kofi, don wanda ya saba lallaɓa caji kashi 15 daga la'asar zuwa isha'i ba sai an koya masa tattalin wuta ba.

In dare ya raba, jijiyoyi sun gaji da razana, ku koma kan Limbo na kamfanin Playdead da ke Denmark, na 2010. Baƙi da fari ne, wani yaro shi kaɗai a daji, ga tarkuna ga wani ƙaton gizo-gizo. Babu magana ko ɗaya a cikinsa, don haka wanda bai yi nisa a boko ba ba a bar shi a baya ba. Yana cin awa uku zuwa huɗu, ba lallai ku gama a dare ɗaya ba. A nan ne 'yan kallo ke da amfani, kowa na faɗin yadda za a ja akwati a tsallake rami.

Sauran dabaru kaɗan ne. Ba a fafe gora ranar tafiya: ku saukar da komai tun ranar da wani ya shiga gari inda sabis ke da ƙarfi, ku buɗe kowanne sau ɗaya ku tabbatar yana tashi. Daren wasan ku kashe data, ku rage hasken fuska, ku cire wayar daga rigarta don kada ta yi zafi, kuma kada ku buga tana jone da fawa banki, a ba ta hutu ta sha caji ku ma ku sha shayi. Wanda zai tura muku gem na kuɗi "kyauta" daga wayarsa, in akwai manhajar banki a wayar taku, ku ce masa kun gode. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Batun sauti kuma. Rabin tsoron a kunne yake, amma kada ku ƙure sifika. Na taɓa buga Granny da yaran gidanmu a zaure, an rage fitila, ina ƙarƙashin gado a cikin gem ɗin ina jin takun tsohuwar, kowa ya riƙe numfashi. Sai akuya ta ture kwanon sha a tsakar gida. Ɗan yayana ya kurma ihu ya yi waje ba takalmi, maƙwabcinmu ya fito da tocila da gora yana tambayar ina ɓarawon. Washegari ni na bi gida-gida ina ba da haƙuri. Ku fara bayan isha'i, ku tashi da sauran dare, don in kuka makara asuba ba za a ƙara ba ku zauren ba.

Malam, ina da ɗan shagon gem a yankin Dambatta, PS4 guda biyu da janareta. Yara ƙwallo kawai suke bugawa, ina so in ƙara na ban tsoro. Wani ya ce zai sayar mini da P.T. a filas, wai babu kamarsa. In saya?

Maigida, riƙe kuɗinka. Gaskiya ne P.T. ya yi suna. Kamfanin Konami na Japan ya sake shi a kan PS4 a Agustan 2014, aikin mai tsara gem Hideo Kojima da daraktan fim Guillermo del Toro, kuma duk wasan lungu ɗaya ne na cikin gida da kake ta maimaitawa, kowane zagaye wani abu ya canza. Amma tun farko kyauta aka ba da shi, ɗanɗano ne na wani babban gem da aka fasa yi, kuma a Afrilun 2015 aka cire shi daga kantin PlayStation. Abin da ke filas ɗin mutumin nan ko dai kwaikwayo ne da masoya suka yi wa kwamfuta, ko kwafin da sai injin da aka yi wa kutse ke karɓa. Kuɗi a kan abin da mai shi bai taɓa sayarwa ba, kai ma ka san ba ciniki ba ne.

Matsalarka ta gaske lissafi ce. Wasan ƙwallo minti goma ne, mutum biyu su biya, su tashi, wasu su zauna. Gem na ban tsoro mutum ɗaya ne riƙe da fad, wato abin sarrafa wasan, awa uku, janareta na shan mai, goma na kallo a bayansa ba su biya ko sisi ba. In za ka yi, ka ware dare ɗaya a mako, ka karɓi kuɗin ƙofa kamar gidan kallon ƙwallo, ka sa doka: wanda ya mutu ya miƙa.

Faifan da zan ce ka nema shi ne Little Nightmares na 2017, daga wani kamfanin Sweden, Tarsier. Wata 'yar ƙaramar yarinya ce mai rigar ruwa ruwan ɗorawa, da ɗan abin kunna wuta a hannunta, tana ratsa wani ƙaton jirgin ruwa cike da ƙattai masu haɗama. Kamar tatsuniyar Dodo ce aka zana, yana ƙarewa cikin awa uku zuwa huɗu, ana mutuwa a kai a kai, kuma ba ya buƙatar Turanci. In ka shiga Kano za ka iya samun na hannu. Ka duba bayan faifan a haske, kuma a gwada maka shi kafin ka biya.

Za a ce maka Outlast ya fi ban tsoro. Haka ne. Red Barrels na Kanada suka yi shi a 2013, ɗan jarida ne a asibitin masu taɓin hankali, ba makami sai kyamara mai gani a duhu da batirin da ke ƙarewa. Amma akwai jini da yawa da tsiraici, na 'yan shekara 18 ne. A shagon da 'yan firamare ke leƙe ta taga, ranar da wani uba ya shigo neman ɗansa ya tarar da wannan a allo, magana za ta kai gaban mai unguwa.

Malam, ɗana ɗan shekara tara yana farkawa cikin dare yana kuka, wai wani shuɗin dodo mai dogayen hannaye. Yayansa ya ce a waya ya gani. Mene ne wannan? Daga wata uwa a yankin Gumel.

Hajiya, Allah ya raya shi. Dodon nan sunansa Huggy Wuggy, daga gem ɗin Poppy Playtime da ya fito a 2021, labarin wata masana'antar kayan wasan yara da aka yi watsi da ita. Kamarsa ta 'yar tsana ce, shi ya sa manya ke ɗauka na yara ne, sai ya buɗe baki a ga haƙora jere. Yawancin yara ma ba buga shi suke yi ba, guntayen bidiyonsa suke gani a YouTube da TikTok.

Kada a dake shi, kada a yi masa dariya. Da rana tsaka ki zaunar da shi ki gaya masa zane ne mutane suka yi a kwamfuta don neman kuɗi. A raba shi da waya bayan magariba, a yi masa addu'ar kwanciya, a bar masa 'yar fitila na ɗan lokaci. Yayan nasa ya shiga saitin Play Store ya kunna kulawar iyaye da lambar sirri. A ƙarƙashin sunan kowane gem akwai shekarun da aka yarda, 3+, 7+, 12+, 16+ ko 18+. In makonni suka wuce firgitar ba ta ragu ba, a kai shi asibiti a duba.

Yaya, ni ɗalibi ne, na dawo hutu gida wajen Birnin Kudu da tsohuwar laftof. Na ga ana rage farashi a Steam. Abokina ya ce in sayi gajeren gem in gama shi in nemi a mayar mini da kuɗina. Yaya ka gani?

Dokar da abokinka ya hango gaskiya ce: Steam, kantin sayar da gem na kwamfuta a intanet, na mayar da kuɗi in ba a wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba a buga awa biyu ba. An yi ta ne don wanda gem ya ƙi tashi a na'urarsa, ko ya tarar ba abin da aka tallata ba ne. Ka cinye tuwo ka suɗe kwano sannan ka ce miya ba gishiri a ba ka kuɗinka, wannan cin haƙƙi ne. Kuma irin waɗannan gajerun wasannin sau da yawa mutum ɗaya ne ya zauna ya yi su.

Misali Iron Lung na 2022, David Szymanski ne ya yi shi, kusan awa ɗaya. An rufe ka a wani ɗan jirgin ƙarƙashin ruwa mai tsatsa a cikin tekun jini, ba taga, sai taswira da lambobi da kyamara mai ɗaukar hoto dishi-dishi. Kusan ba ka ganin komai, ƙarar ƙarfe kawai kake ji, kuma tsohuwar na'ura na ɗaukarsa. A ganina ya fi da yawa daga masu watsa jini a allo, amma sai da iyafis, kai kaɗai.

The Exit 8 na Japan, na 2023, shi ne inda dokar mayar da kuɗi za ta iya yi maka rana. Kana tafiya a wata hanyar ƙarƙashin ƙasa ta tashar jirgi. In ka ga wani abu ya sauya ka juya, in ba ka gani ba ka wuce, har ka kai mafita ta takwas. Wasa ne mai daɗi da ƙanne a gefe suna nuna allo, sai dai hotonsa na da nauyi, tsohuwar laftof na iya shaƙewa. In ya ƙi, nemi kuɗinka da hujja.

Tunda katin naira ba kullum yake wucewa ba, fara da na kyauta. Kashi na farko na Fears to Fathom, mai suna Home Alone, bai kai rabin awa ba: yaro ne aka bari shi kaɗai a gida, wani baƙo na zagaye. Sai tsohon hannu, Slender: The Eight Pages na 2012, daji da duhu da tocila, ka tsinto takardu takwas kafin wani dogon mutum marar fuska ya cim maka. Duk takardar da ka ɗauka sai kiɗan ya ƙara nauyi, shi kuma ya ƙara matsowa. In ka buga ka aiko mini nawa ka tsinta. Ni dai har yau ban wuce biyar ba.