Kwana uku a Alƙahira kafin ka wuce Iskandariyya

Auta, saƙonka ya iso, har da hoton takardar da ka rubuta da jan biro. Na ƙirga wuraren da ka jera, sha tara cif. Ka ce kai da Baba za ku sauka daren Laraba, ku yi Alhamis da Juma'a da Asabar a wurina, ranar Lahadi ku kama jirgin ƙasa zuwa Iskandariyya ka fara rajistar makaranta, kana so in tsara muku abin da za ku gani da inda za ku ci abinci. Barka da samun gurbi tukuna, Allah ya sanya albarka. Amma wuri sha tara a kwana uku, da dattijo mai ciwon gwiwa? Wanda ya taya ka haɗa jerin nan bai taɓa zama cikin mota a kan gadar 6 ga Oktoba da la'asar ba.

Ka saba da Sakkwato, inda ɗan kabu-kabu zai ɗauke ka daga Arkilla ya dire ka Hubbare kafin ka gama amsa waya. Nan mutum sama da miliyan 20 ne a birni ɗaya da kewayensa, kuma kamar kowa da tasa motar. Tafiyar da wayarka za ta ce maka minti 20 ce tana iya cinye awa da rabi. Saboda haka na soke jerinka. Unguwa ɗaya za mu kama a wuni, mu bi ta da ƙafa, in mun gaji mu zauna. Kai da za ka yi shekaru a ƙasar nan, jirgin ƙasa awa uku ne tsakaninmu, sauran wuraren ba gudu za su yi ba. Baba ne mai zuwa ya koma, don haka nasa ne a gaba.

Juma'a na fara tsarawa, sauran kwanakin suka bi bayanta. Hutun mako a Masar Juma'a ne da Asabar, Lahadi ranar aiki ce. Safiyar Juma'a kaɗai ce garin ke yin tsit, Misirawa na barci, tituna wayam. Da ita za mu yi ziyara, tunda ita ce mai buƙatar mota. Mu fita bakwai da rabi mu fara da Imam Shafi'i, wanda ya rasu a shekarar 820, aka gina ƙubbar da ke kansa a 1211. Ka ɗaga kai ka duba can ƙololuwar ƙubbar daga waje, za ka ga siffar ɗan kwalekwale. Imam Laisu bn Sa'ad yana nan kusa. Daga nan mu gangaro wajen dandalin Sayyida A'isha, inda kabarin Imam Suyuɗi yake. Nan ne na san Baba zai tsaya ya ƙi motsi. Mutumin da ya shekara talatin yana jan Jalalaini a zaure duk watan azumi, ga shi tsaye gaban wanda ya ƙarasa littafin bayan Mahalli, wanda kuma ya taɓa aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha kafin rasuwarsa a 1505. Kada ka duba agogo a wurin. Aikin tituna da gadoji ya sauya hanyoyin maƙabartar sosai a 'yan shekarun nan, shi ya sa zan nemo direban da ya san lungunan, ba za mu dogara da taswirar waya ba.

In lokaci ya rage mu leƙa masallacin Sultan Hasan, wanda aka fara a 1356. Tsakar gidansa na da manyan rumfuna huɗu, da ƙofofin makarantun mazhabobi huɗu, ɗaya ta Malikiyya. Ƙal'ar Salahuddin, tsohuwar fadar nan mai ganuwa da ka ja wa layi biyu, tana nan sama kana hangen ta daga dandalin. Hawa ne da dogon tattaki, ka bar ta sai zuwanka na gaba.

Sallar Juma'a a Azhar. Mu isa awa guda kafin kiran salla in muna son ciki, in ba haka ba sai tsakar gida a kan farin dutse, rana a ka. An fara ginin a 970, aka yi salla ta farko a 972, kuma cikin ruwaƙan da ɗalibai baƙi ke zama a da akwai na Barnawa. Ka ga ba yau mutanen yankinmu suka fara ɗauko allo zuwa nan ba. Ka gaya wa Baba ya saki hannunsa yadda ya saba, sahu ɗaya za ka ga mai sadalu da mai ƙabalu, ɗan Indunisiya da ɗan Sanagal, ba mai kallon wani. Takalminka ka sa a leda ka shiga da shi.

Bayan salla mu ci abinci, mu koma inuwar masallaci har la'asar, sannan mu tsallaka ta masallacin Husaini mu shiga titin Mu'izz. Kusan kilomita ɗaya ne daga ƙofar gari ta Babul Futuh zuwa ta Bab Zuwaila, gini na bin gini, har da na Sultan Ƙalawun na 1285 wanda asibiti ne da makaranta da kabari wuri guda. Da magariba ake kunna fitilu, lokacin ne ya fi kyau. Kasuwar Khan Khalili na manne da shi. Duk farashin da aka fara gaya maka, ka taya kashi ɗaya cikin uku ka yi kamar za ka wuce. Za su nuna maka jaka su rantse fata ce ta gaske. Ɗan garin da jar akuyarsa ta yi suna har Turai bai kamata a sayar masa da roba ba, ka shinshina kawai. Abin da ya cancanci kuɗin Baba yana bayan Azhar, lungun Darbul Atrak, shagunan littattafai jere. Wasu ba sa buɗewa ran Juma'a, in muka tarar a rufe sai mu dawo da shi Asabar da yamma. Ka riƙa tuna masa nauyin kayan da jirgi ke yarda da shi, don ni ba zan iya ba.

Alhamis ta dala ce, wato manyan kaburburan Fir'aunoni masu tsini da ke Giza. Mu tsaya a ƙofar Giza da an buɗe, kafin manyan motocin 'yan yawon buɗe ido su iso. Babbar, ta Fir'auna Khufu, ta haura shekara 4,500, tsayinta na asali mita 146. Shiga cikinta tikiti ne daban, kuma a duƙe ake hawa wata siririyar hanya mai zafi, ƙarshenta ɗaki ne da akwatin dutse babu komai ciki. Kai in kana so ka shiga, ni da Baba muna jiranka a inuwa.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa a gida ba. Zuwana na farko wani mai raƙumi ya tare ni da fara'a, ya ce ɗan Najeriya ɗan'uwa ne, in hau a ɗauke ni hoto kyauta. Na hau. Raƙumi ya miƙe. Sai mutumin nan ya ce hawa ne kyauta, sauka da kuɗi. Ni da na tashi ina ganin raƙuma a Kara, na je kasuwar Illela ba sau ɗaya ba, ga ni a ƙasar mutane ina ciniki daga kan tozo a durƙusar da ni. Duk wanda ya miƙo maka abu a wurin nan, rawani ne ko ɗan gunki, kada ka karɓa ko da ya ce kyauta ne. Ka ce “la, shukran”, wato a'a na gode, ba tare da ka tsaya ba.

Sabon babban gidan tarihi yana nan kamar kilomita biyu daga dalar, an buɗe shi gaba ɗaya a Nuwamban 2025, kayan Fir'auna Tutankhamun sama da 5,000 duk suna ciki. Da sanyin na'ura da wuraren zama, don haka can za mu fake da azahar. Awa biyu ta ishe mu. Amma gawar Fir'auna da Inna ta ce lallai ka gano mata ba a nan take ba. Tun Afrilun 2021 aka kwashe gawawwakin sarakuna 22 zuwa wani gidan tarihi a Fusɗaɗ. Shi ne aikin safiyar Asabar, tare da masallacin Amru bn Asi, na farko da aka gina a Masar, da ke unguwar. Akwai Ramsis na biyu, akwai ɗansa Marnabtah, su biyun ne ake yawan nunawa in ana zancen Fir'aunan Annabi Musa, masana kuma ba su haɗu a kan ɗaya ba. Ba a ɗaukar hoto a ɗakin, ka shaida wa Inna tun yanzu kada ta ce ka yi mata rowa. Da yamma mu yi hayar kwalekwale mai filafilai a Nilu na awa ɗaya, a yi ciniki kafin a taka shi, mu dawo ku haɗa kaya.

Tikitin manyan wuraren nan da katin banki ake biya, ba a karɓar tsabar kuɗi, kuma kada ka dogara da katinka na gida, zan biya da nawa mu yi lissafi daga baya. Baƙo na biyan ninkin ba ninkin abin da ɗan ƙasa ke biya, amma ɗalibi mai katin shaida rabin kuɗin baƙo yake biya. Ga wani dalilin da ya sa na ce ka jinkirta sauran jerinka har katinka ya fito.

Sai ciki. Ka rubuto sunayen gidajen abinci biyar da ka gani a TikTok, uku daga ciki a Zamalik suke, kuɗin cin dare ɗaya a can zai ciyar da kai mako guda a makaranta. Irin waɗannan wurare, bayan farashin da ke rubuce, ana ɗora kashi 12 na hidima da kashi 14 na haraji, sai an kawo takarda ido ya raina fata. Inda ma'aikata da 'yan makaranta suka yi layi, nan za mu ci.

Karin kumallo ful ne da ta'amiyya. Ful wake ne manya da ake kwana ana dafawa a wata tukunya mai dogon wuya, mai sayarwa ya zura dogon ludayi ya kwaso, ya murje shi da mai da lemun tsami da gishiri, ya miƙo maka da gurasa mai ɗumi da dusa a bayanta. Ta'amiyya kuwa ƙosai ne, ka ƙaddara kana bakin titi a Mabera, sai dai cikinsa kore ne shar saboda ganyen da ake niƙawa tare da waken, da riɗi a samansa. Na san abin da Baba zai ce: wanga ƙosai bai ji tonka ba. Gaskiyarsa, mutanen nan ba su san yaji ba. Ka ce a kawo shaɗɗa, ita ce barkononsu.

Da rana kushari. Kada kamanninsa su firgita ka: shinkafa da taliya iri biyu da adas, wato wani wake ƙanana, da wani wake mai kama da gurjiya a kwano ɗaya, miyar tumatir a kai, da soyayyar albasa mai ƙaras-ƙaras. A kan tebur za ka ga kwalabe biyu, ɗaya ruwan tafarnuwa mai tsami, ɗaya jan yaji. Na biyun ka ɗiga kaɗan tukuna, shi kam ba wasa. Akwai Abu Ɗarik a tsakiyar gari da kowa ya sani, amma na unguwarmu ma ba laifi. Babu nama a ciki, kuma zai riƙe ka har isha'i.

Dare ɗaya, na Juma'a, za mu kashe kuɗi da gangan don Baba. Tattabara da aka cusa wa shinkafa aka gasa, da mulukhiyya. In aka ajiye kwanon zai gane ta, lalo ce, yauƙi da komai, sai dai da tafarnuwa ake turara ta ba daddawa ba. Guro ma suna ci, bamiya suke ce masa, da tumatir suke dafa shi ba ya yauƙi. Karkade sobonmu ne. Ruwan rake ana matse shi gabanka, a sha nan take kafin ya yi duhu. Shayi kuwa in ba ka ce “sukkar barra” ba, wato a kawo sukari a gefe, za a zuba wa Baba abin da likita ya hana shi na wata guda. Kwanakin farko ku sha ruwan gora, ɗanyen ganye da ake haɗowa da abinci ku ture shi gefe, ban son ku yi tafiyar Lahadi da ciki a ɓace. Kuma su ba sa cin babban abincin rana sai wajen la'asar, na dare har goma, don haka zan riƙa sa dabino a jaka.

In kewar tuwo ta taso kafin Lahadi, akwai ɗalibanmu a Hayyul Ashir da Madinatul Bu'us, ba za a rasa wanda ya tuƙa ba.

A titi wani yaro zai iya kiranka “ya samara” saboda launinka. Wani da wasa, wani da raini. Ka wuce abinka. Fasfo ya kasance a jikinka, kada ka ɗaga waya kan ɗan sanda ko soja ko gininsu, kuma in mun shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ka lura da taragun tsakiya, na mata ne, na taɓa faɗawa ciki da gudu na fito da kunya. Tsallaka titi kuwa, ka laɓe gefen wata tsohuwa Bamisiriya ka bi takunta.

Ka saya wa Baba takalmi mai taushi a babbar kasuwa ya fara takawa tun yanzu, kada ya zo da sabo fil. Ku taho da rigar sanyi ko da mara nauyi ce, Iskandariyya bakin teku ce, iskarta ba irin ta gida ba. Ni kuma ka ce wa Inna ta ƙullo mini kuka da daddawa da yajin nan nata, a nannaɗe daddawar cikin leda uku, kada ta bi littattafanka kamar yadda ta bi nawa. Ka turo mini lambar jirginku da ta tabbata, ina nan ƙofar fita. A gaida Inna da su Yaya.